Shekarar da Akwatinmu Ya Makara

Ni na yi laifin, ba Malam Yunusa ba. Gara in fara da wannan, don in na bar shi sai ƙarshe ina tsoron in sake haɗiye shi kamar yadda na yi shekara ashirin da 'yan kai. Sunana Haruna, manomi ne ni a wani ƙauye da ke bayan fadama, ba nisa da Aujara. Ban yi boko mai zurfi ba. Ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, kuma wanda ya kama hannuna ya koya mini shi ne mutumin da na zalunta.

Ruwan bana ne ya tono maganar. Damina ta yi jinkiri, muka yi ta kallon gabas har wuya ya gaji, sannan wata Asabar da asuba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na fito ƙofar gida, ƙasa tana ƙamshi, ga rediyon ɗana Sa'idu a kan tabarma ana muhawara. Wai ana so majalisar jiha ta yi doka a kan zaɓen ƙananan hukumomi, a yanka lokacin da za a gama ƙirga ƙuri'a, a yanka lokacin da sakamako zai isa Dutse, a daina kwana da akwati a hanya. Wani ya bugo waya ya ce hakan ya yi daidai, jinkiri shi ne ƙofar maguɗi. Wani ya bugo ya ce to mu da muke bayan ruwa fa, in rafi ya kawo sai a zubar da ƙuri'unmu?

Sa'idu, wanda yanzu shi ma magidanci ne, yana ɗaure buhun iri a bayan babur. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan doka ai maganin irin su Malam Sai-da-Akwati ce. Da tun zamaninku aka yi ta, da bai samu damar cin kasuwarsa ba."

Sa'idu yana goye aka yi abin. Bai taɓa ganin Malam Yunusa da wayonsa ba. Amma sunan ya iso bakinsa lafiya lau, kamar gado.

Uwarsa Yalwa tana bakin zaure da ƙwaryar kununa. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta dube ni, ta koma ciki. Kunun nan har ya huce ban taɓa shi ba.

Waccan shekarar ma haka damina ta yi mana, sai dai ta fi bana tsanani. Kakar da ta gabace ta ba ta yi auki ba, tun bazara ba ta yi nisa ba rumbuna suka fara amsa kuwwa. Zafin bazarar nan har yau in na tuna sai in ji maƙogwarona ya bushe. Da hantsi rairayi ya ɗau wuta, ko mai takalmin taya sai ya haɗa da sauri. Rijiyar gari ta ja baya, guga yakan fito rabinsa laka, mata su jera tuluna tun sassafe suna jiran ruwa ya taru. Yalwa ta daina auna gero da kwano, ta koma gwangwani. Da safe kunu tsararo, wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Da rana babu. Da yamma tuwo in an samu, in ba a samu ba kwaɗon busasshen zogale da ɗan ƙuli. Ƙanzon da a da ake zuba wa awaki, shi ake jiƙawa a ba yara su yi shiru.

Ina da shanun huɗa biyu, Goje da Fari, da amalanke ɗaya. Su ne dukiyata kaf. Harawa ta ƙare, kara ya ƙare, har dangar bayan gida na warware na ba su. Kullum in hau gawo in sassaro musu ganye, ƙaya tana cin hannuna. Haƙarƙarinsu kana iya ƙirga shi daga nesa.

Ruwan farko ya zo, muka fita da sungumi muka shuka. Gero ya tsiro kamar allura, sai sama ta ɗauke, ya ƙone a idonmu. Muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwa ya same shi a ciki, kurciyoyi da ɓeraye suka tone shi. Sau biyu aka fita roƙon ruwa a filin idi, riguna a juye, tsofaffin mata suka yi sadakar gumba da geron da babu. Hadari yakan haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya da gudu, sai ya watse ya bar mu da zufa. Manya suka ce lokacin gero ya kusa wucewa, abin da ya rage a yi fata shi ne gyaɗa da wake. Ni kuwa irin gyaɗar da na ajiye mun riga mun cinye shi.

Malam Yunusa baƙo ne a garinmu, mutumin Kafin Hausa, an turo shi koyarwa a firamare. Siriri ne, mai sanyin magana. Da yamma yakan tara mu manya a gindin darbejiyar makaranta ya koya mana karatu, ba wanda ya sa shi. Yakan tsokane ni ya ce, "Haruna, alƙalami ne wannan ba sungumi ba, sassauta masa." Gidansa na jikin nawa, tare muke ciyayya, ya fito da akushinsa in fito da nawa. A bazarar nan sau da yawa nakan fito hannu wofi in ce na riga na ci a ciki. Sai ya ce, "To zo ka taya ni, yau an cika gishiri, ni kaɗai ba zan iya ba."

Wata rana ya je gida ya dawo da irin gyaɗa tiya huɗu a bayan keke, ya sauke a zaurena. Na ce, "Malam, me zan ce?" Ya ce, "Ka ce Allah ya kawo ruwa. Kyauta ce, kada in sake jin maganarta."

A cikin wannan hali aka sa ranar zaɓen kansila. Mu a lokacin abu ɗaya muke so, kwalbati a kan fadama. In ruwa ya sauka fadamar nan takan raba mu da duniya, mota ba ta shigowa, babur ba ya ƙetarewa, mai naƙuda da mara lafiya a amalanke ake fitar da su. Ɗan garinmu Sule Tela ya tsaya takara, kuma ba abin da ya yi alkawari sai kwalbatin nan. Abokin karawarsa mutumin garin kasuwa ne, can bakin kwalta, inda ake tattara sakamakon mazaɓarmu.

Malam aka ba aikin malamin zaɓe a rumfarmu. Ya je bita ya dawo ya same ni a turken shanu, ya ce, "An gaya mana ƙarfe shida na yamma motar tattara sakamako za ta tashi daga garin kasuwa, a kai wa na gaba, su kuma su kai Dutse. Akwatin da bai iso ba kafin nan, ba za a jira shi ba. An tambaye ni wa zai fito da ni in ruwa ya sauka, na ba da sunanka. Da an idar da azahar nake son ganin amalanke a ƙofar makaranta."

Na ce, "Malam, ko ruwan zamanin Annabi Nuhu ne zan fitar da kai."

Ya ce, "Ka dai ce in sha Allahu."

Na ce in sha Allahu ina dariya, don a lokacin ko tsuntsu bai yi tsammanin ruwa ba.

Ranar zaɓen da asuba ruwan ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwan shuka na gaske, wanda muka yi wata biyu muna roƙo. Indararo yana zuba, ɗakuna suna yoyo, ba wanda ya yi ƙorafi. Na ga tsoho yana kuka a masallaci. Da ya tsagaita, duk gari ya yi layi a makaranta, kowane namiji da sungumi a kafaɗa. Mutum ya dangwala, a shafa masa tawada a yatsa, ya fita da gudu sai gona. Dole ne a yi hakan. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe laima, in ka bari ta kwana biyu rana ta lashe ta, kuma ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai sake zuwa. Kafin azahar gari ya zama kamar an yi ƙaura. Wakilan jam'iyyu ma da aka gama ƙirga suka sa hannu, kowa ya bi hanyar gonarsa.

Ina cikin na farko da suka kaɗa ƙuri'a. Na ɗora garma a amalanke na nufi gonata ta bayan tudu, wadda ba ta da maƙwabci kusa. Niyyata in yi huɗar gyaɗa zuwa azahar in dawo. Allah ya sani niyyata kenan. Amma da garma ta shiga ƙasa ba gardama, ƙasar tana kifewa baƙa-baƙa tana tururi, sai na ji kamar duk yunwar da muka sha nake binnewa.

Yalwa ta iso bayan mata sun gama nasu layin, Sa'idu a baya, ƙwaryar iri a ka. Ta ce, "Maigida, an gama ƙirga. Sule ya kwashe kusan duka. Malam ya ce in gaya maka yana jira."

Na ce, "Na ji. Bari in kai ƙarshen wannan layin."

Na kai ƙarshensa na juyo da shanu na kama wani. Na yi azahar a bakin gona, na koma.

Makarantarmu ba ta da ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a darbejiya, shi ake bugawa yara su shiga aji. Muna cikin aiki sai ga ƙararsa ta biyo iska ta tsallako tudu. Yalwa ta tsaya da iri a hannu ta ce, "Kai ake kira."

Na ce, "Na ce miki na ji."

Sau uku ya buga, da tazara mai tsawo a tsakani. Mutanen da ke gonaki sun ɗauka murnar cin akwati ce. Ni da Yalwa kaɗai muka san abin da ƙarfen yake cewa. A na ukun ta kife ƙwaryar iri a ƙasa ta zauna a kai, ta ce ba za ta ƙara jefa ko ƙwaya ɗaya ba. Ni kuma a raina ina lissafi, tafiyar awa biyu ce, in mun tashi da la'asar za mu isa. Abin da ban sa a lissafin ba shi ne shanun da suka yi wata uku suna cin ganyen gawo, kuma na sa su huɗa tun hantsi.

Sai da la'asar ta yi sakaliya na iso makaranta. Malam yana zaune a kan akwati a ƙofar aji, shi kaɗai, takardar sakamako a cikin leda a aljihunsa. Ya dubi ƙafafun shanu, laka har gwiwa. Ya dubi wuyansu inda karkiya ta ci. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mu je, Haruna, ko Allah zai sa."

Fadama ta cika da jan ruwa, kwaɗi suna ta ƙara kamar ana biki. Muka shiga, ruwa ya kai cikin shanu. A tsakiya Goje ya durƙusa, sannan ya kwanta. Na dake shi, na murɗa masa wutsiya, na roƙe shi kamar mutum, ya ɗaga hanci kawai yana huci. Malam ya duba agogonsa. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya sa ledar takarda a cikin hula, ya ɗora akwati a ka. Ya ce, "Riƙe kan sanka kada ya sha ruwa." Na ga bayansa yana kutsawa, ruwa har ƙirji, hannu ɗaya a kan akwati, ɗaya yana laluben ciyawa.

Ana kiran magariba ya isa garin kasuwa. Mota ta riga ta tashi.

Washegari labari ya zo cewa abokin karawar Sule ne ya ci, kuma tazarar ba ta kai ƙuri'un da ke cikin akwatinmu ba. Gari ya ɗau zafi. Aka taru a ƙofar dagaci, wasu da sanduna, ana cewa an sayi Malam. Malam ya tsaya a tsakiya, ƙafafunsa duk ƙaya ta yayyanka, ya ce amalanke ne ya makara. Dagaci ya juyo gare ni ya ce, "Haruna, yaushe ka je makaranta?"

Na dubi sandunan nan. Na tuna shanuna a turke. Na dubi Sule Tela, wanda ɗan ƙanwar uwata ne, yana zaune ido jajur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tun azahar nake ƙofar makaranta. Malam ne ya ce in dakata, bai gama rubuce-rubucensa ba."

Ban ce ya sayar ba. Shekaru da yawa da wannan nake lallashin kaina. Amma ni na buɗe ƙofar, jama'a suka shiga.

Malam ya ce, "Haruna, ɗago ka dube ni."

Ban ɗago ba.

Ya ce, "Ƙarfen da na buga sau uku, wa nake kira?"

Wani daga baya ya ce, "Masu sayen akwati kake kira!" Aka yi wata irin dariya mai zafi. Dagaci da liman suka hana a taɓa shi, aka tashi. Maganar ɗan gari da ta baƙo ba a ɗora su a sikeli ɗaya ba.

Daga ranar damina ta zauna. Marka ta yi ta zuba kwana da kwanaki, bango yana jiƙewa, tafasa da rama suka fito a ko'ina, aka samu abin sawa a ciki kafin sabon gero. Gari ya yi kore, mutane suka fara murmushi, amma ba ga Malam ba. Iyaye suka janye yaransu daga aji. Ajinmu na yamma ya mutu ba wanda ya yi masa sallama. A bakin rijiya aka raɗa masa sunan nan, ya bi shi har kasuwa. Ni na daina fitowa da akushina, ina cin tuwo a tsakar gida kamar mace mai takaba, ina jin shi a waje yana cin nasa shi kaɗai.

A cikin markar nan matarsa Binta ta haihu. A al'adarmu mata sukan cika gidan mai jego, wannan ta kawo ruwa, waccan ta kawo itacen wanka. Ba wadda ta je sai Yalwa. Kwana bakwai ita ke ɗebo ruwa, ita ke hura wuta da jiƙaƙƙen itace har idonta ya kumbura. Ranar suna daga liman sai wanzami sai tsofaffi biyu. Ni na ɗauki fartanya na bi ta bayan gida. Da na dawo Yalwa ta kama hannuna ta sa mini goro guda, ta ce, "Goro ya yi kwantai. Malam ya ce ga naka."

Kafin kaka ya nemi canjin wurin aiki. Ranar da za su tashi ba wanda ya ba da amalanke, mai amalanken da ya fi kusa da su kuwa ya ɓuya a rumbu. A keke da ka suka ƙetare fadama da kayansu, Yalwa ta ɗaukar musu tukwane har bakin kwalta.

Gyaɗar kuwa ta yi. Ban taɓa noma gyaɗa irin ta shekarar ba, kafin nan ko bayan nan. Yalwa ta tsinke ta, ta shanya, ta ɓare, ta yi mai ta yi ƙuli, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta kai bakinta ba. Har yau ba ta cin gyaɗar gonar bayan tudu. Kwalbati ya daɗe bai zo ba. A shekarun nan na fitar da masu naƙuda da yawa a amalankena, ba duka suka dawo ba, kuma duk lokacin da muka maƙale a tsakiyar ruwa sai in ji wani yana tsine wa Malam, ni ina riƙe da igiyar shanu.

Yanzu an yi kwalbatin. Babur yakan kai ka garin kasuwa kafin shayi ya huce. Ranar zaɓe da an gama ƙirga sai ka ga hannuwa a sama, kowa yana ɗaukar hoton takardar sakamako da wayarsa. Ƙarfen makaranta ya tsufa ya faɗi, an sayo ƙararrawa. Goje da Fari sun daɗe da tafiya. Sunan da aka raɗa wa Malam ne kaɗai bai tsufa ba.

Ranar da Sa'idu ya yi maganar nan, da muka dawo daga shuka da yamma, Yalwa ta same ni ina wanke ƙafa. Ta ce, "Maigida, ni na tsufa. Kayan nan da ka ɗora mini ba zan iya kai shi kabari ba. Yau ɗanka ya zagi mutumin da ya ciyar da kai. Gobe jikokinka ne."

Na ce, "Bayan waɗannan shekaru, me kike so in yi?"

Ta ce, "Abin da ka sani."

Ranar Juma'a da aka sallame na miƙe a masallaci na ce jama'a su dakata. Tsohon dagaci ya rasu, liman na lokacin ya rasu, amma Sule Tela yana sahun gaba da sandarsa. Na faɗi komai, huɗar, da ƙarfen, da ƙaryar. Can Sule ya ce, "Haruna, da ka faɗa a ranar, da mun dake ka, da yanzu ka warke." Ya dogara sandarsa ya fita. Sa'idu yana gefe kansa a ƙasa.

Washegari shi ya ce zai kai ni Kafin Hausa a babur. Na auno gyaɗa zan tafi da ita, Yalwa ta karɓe ta ce, "Ba gyaɗa ya rasa ba. Bakinka kawai za ka kai."

A tasha muka yi tambaya aka nuna mana unguwa, a unguwa aka nuna mana gida. Ya daɗe da yin ritaya. Muka same shi a zaure a kan tabarma da carbi, ya ƙara ramewa, gemu fari fat, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Na yi sallama ya amsa, ya karkato kunne ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Haruna ne, Malam. Na bayan fadama."

Carbin ya tsaya. Sannan ya ce, "Haruna mai Goje da Fari?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Gojen ya tashi kuwa ranar?"

"Ya tashi."

"Gyaɗar fa, ta yi?"

Na ce, "Ta yi, Malam."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na ji tsoron kada a yi asara biyu."

Daga bayan labule muryar tsohuwa, matarsa Binta, ta ce, "Malam, wane Harunan?" Ya ce, "Maƙwabcinmu na da. A kawo masa ruwa." Labulen bai motsa ba. Ta ce, "Yalwa tana nan da rai?" Na ce, "Tana nan, tana gaishe ki." Ta ce, "Ita ina amsawa."

Na cire hulata na ajiye a ƙasa. Na durƙusa a gabansa duk da na san ba ya ganina. Maganar da na yi ta shiryawa a bayan babur ta watse, na faɗi abin da ya zo.

Na ce, "Malam, na ji ƙarfen. Sau uku ka buga, duka ukun na ji, ina bayan tudu ina huɗar gyaɗar da ka ba ni. Ni na makara, ni na gajiyar da shanu, kuma na yi maka ƙarya a gaban dagaci don tsoron sanda. Ka ce in ɗago in dube ka, ban ɗago ba. Aka ɓata maka suna ina ji, iyalinka ta yi jego ita kaɗai ina ji, kuka tashi da kaya a ka ina cikin rumbu. Jiya na faɗi wannan a masallacin garinmu gaban kowa, ga ɗana nan shaida. Ban zo don ka ce ba komai ba, don da komai. Na cuce ka, na cuci iyalinka, kuma na makara da wannan fiye da yadda na makara da amalanke. Don Allah, Malam, ka yafe mini."